Kama da wane ba ta wane: ƴan tsuntsaye biyu a gawon Mirriya

Ranar Lahadin da ta wuce tun da asuba na hau moto na bar Damagaram na nufi Mirriya, garkar kawuna, sanyi kuwa ba a magana, hunturu ya fara busawa sosai har hannu na ƙagewa a kan hanya duk da tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Na tarar da shi ya riga ya fara ban ruwan salati da albasa. Muka gaisa, na ajiye masa goro da sukari, na rataya jumel ɗina, wato madubin hangen nesa, a wuya na wuce gindin gawon da ke bakin shinge, wanda kusan shekara huɗu kenan duk rani ina zama ƙarƙashinsa. Ban daɗe ba sai ga shi ya fito, ɗan mitsitsi, launinsa tsakanin ruwan ganye da ruwan ƙasa, yana tsalle daga wannan reshe zuwa wancan yana leƙa bayan ganye, kuma duk tsallen da zai yi sai ya kaɗa wutsiya ƙasa. Na ce alhamdulillahi, ɗan canji ya iso, sunan da na laƙaba wa wannan ɗan tsuntsu kenan.

Kawu ya ɗago ya ce, "Kai ɗana, ba wannan ba ne ka zo ka gani tun ana yankan hatsi?"

Na ce, "A'a Kawu, wancan daban ne, ya wuce kudu tuni. Wannan ɗan'uwansa ne."

Yayi shiru yana kallon itacen, can sai ya ce shi dai a idonsa duk ɗaya ne, amma akwai abu guda da ya daɗe yana ba shi mamaki, tun yana yaro yake ganin irin waɗannan ƴan tsuntsaye a gawo da bagaruwa in kaka ta yi, amma bai taɓa ganin sheƙarsu ba, bai taɓa ganin ƙwansu ba, bai kuma taɓa jin wani yaro ya ce ya ɗebo ƴaƴansu ba. Wallahi maganar nan ta yi mini daɗi, don mutumin da bai taɓa buɗe littafin tsuntsaye ba ya kama bakin zaren. Ba sa sheƙa a nan. A Turai da arewacin Asiya suke ƙwai su ƙyanƙyashe, mu baƙunta kawai suke kawo mana. Kowa ya san shamuwa, in ka ganta ka san ruwa ya kusa, to waɗannan kishiyarta ne, shamuwa na haɗa kaya tana barinmu su kuma suna sauka, sai dai ita babba ce tana sheƙa tsakiyar gari kowa na ganinta, su kuwa sai wanda ya tsaya ya ɗaga kai.

To bari in faɗi su wa nake nufi. Littafin da nake aiki da shi na Faransanci ne, a ciki ɗaya sunansa pouillot fitis ɗayan kuma pouillot véloce. A sunan kimiyya na farkon Phylloscopus trochilus, na biyun Phylloscopus collybita. Kalmar Phylloscopus daga Girkanci take, ma'anarta mai duba ganye, kuma duk wanda ya kalle su minti biyar zai ce sunan ya dace, aikinsu kenan wuni guda, duba sama da ƙasan ganye suna tsintar ƙananan ƙwari da tsutsa da gizo-gizo. Danginsu na da yawa, kusan iri 80 ne a duniya, yawancinsu a Asiya, kuma kusan duk haka suke, ƙanana masu ruwan ganye masu wahalar rabewa. Shi collybita ɗin shima daga Girkanci aka samo shi, daga kalmar da ke nufin mai canjin kuɗi, saboda kukansa kamar ana ƙirga tsaba ne ɗaya bayan ɗaya, cif caf cif cif caf, har a Faransa wasu na kiransa mai ƙirga kuɗi. Tun ranar da na karanta haka na laƙaba masa ɗan canji, duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu canjin naira da sefa a kasuwa zai gane. Jamusawa na ce masa zilpzalp, mutanen Holan tjiftjaf, duk kwaikwayon kukan ne. Shi kuma fitis ni mai dogon zango nake ce masa, dalilin na tafe. Sunayen nan biyu nawa ne ni kaɗai, ni da ɗalibaina muke amfani da su.

Girmansu kusan ɗaya, santimita 11 zuwa 12 daga baki zuwa wutsiya, ɗan canji ya ɗan fi ƙanƙanta. Nauyi kuwa giram 7, 8, 9, wato ka ɗauki ƙwandalar dala ashirin ka ɗora a tafin hannu, to kusan nauyin ɗan canji kenan. Kuma wannan abin ne ke ƙetare Sahara.

Abu na farko da kowa zai gaya maka shine ka dubi ƙafa, ɗan canji ƙafarsa baƙa ce, fitis kuma tasa ta yi haske, ruwan ƙasa-ƙasa ko jaja-jaja. Gaskiya ne, kuma sau da yawa yana aiki. Amma ni ƙafar nan ta taɓa ɓatar da ni, kuma labarin har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Wata shekara cikin watan Oktoba ina zaune a garkar nan wasu yara suka biyo ta bayan shinge da danƙo, kafin in yi magana ɗayansu ya harbo wani ɗan tsuntsu daga bagaruwa. Na kira shi na ce ya kawo, ya kawo yana tsoro yana zaton duka zai sha. Tsuntsun ya riga ya mutu, jikinsa da ɗumi, ba ka ma jin nauyinsa a hannu. Na dubi ƙafa na ga ta yi duhu, nan take na ce wa yaran wannan ɗan canji ne. Da na koma gida da shi a cikin takarda na buɗe littafi na baza fiffiken sai na ga ba haka ba ne.

Ga yadda abin yake. Dogayen gashin bakin fiffike, in ka ƙirgo su daga waje zuwa ciki, na farkon ɗan guntu ne ƙwarai. Wasu daga cikin na gaba gefensu na waje yakan tsuke wajen ƙarshe, kamar an ɗan fere shi da reza. A fitis gashi uku ne ke da wannan firar, na 3 da na 4 da na 5. A ɗan canji huɗu ne, har da na 6. Na ƙirga sau uku, na shida lafiyarsa lau babu fira. Fitis ne, mai duhun ƙafa. Masu sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa da wannan suke tabbatarwa in tsuntsu na hannunsu, don ita ƙafa ana samun fitis mai duhu, ana kuma samun ɗan canji da tasa ta ɗan yi haske, balle a nan da ƙura ke hawa kan komai, ga ranar Damagaram da in ta haska ta bayan ƙafa sai ka ga baƙa ta koma ja. Washegari na koma na nemi yaron na ce masa jiya na yi kuskure, na nuna masa taswira a waya, inda tsuntsun ya taso da inda yake nufi. Bai ce komai ba, ya daɗe dai yana kallon taswirar. Naman da ke jikinsa bai kai loma ɗaya ba fa, ba yunwa ce ke sa yaran nan harbi ba, wasa ne, kuma nima da ina yaro na yi, babu wanda ya taɓa gaya mana daga ina suke zuwa.

Tun daga ranar na koma kallon fiffike, kuma in da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in koya wa mai farawa to shi zan zaɓa. Ba sai tsuntsu na hannunka ba. In ya zauna ya naɗe fiffike, akwai gajerun gashi masu faɗi da ke rufe sama ta wajen gadon baya, sannan dogayen na leƙowa ta ƙarƙashinsu su yi tsini wajen wutsiya. Abin dubawa shine tsawon wannan tsinin da ya leƙo. A fitis dogo ne, ya kai kashi uku cikin huɗu na tsawon masu rufin, wani lokaci ma kusan daidai da su, shi ya sa zakaga tsuntsun ya yi siriri ya miƙe kamar an ja shi ta baya. A ɗan canji bai wuce rabi ba, sai ya zama dunƙulalle, kai zagaye, wutsiya ta fito kamar doguwa alhali fiffiken ne gajere.

Kuma ba banza abin ya zo haka ba, a nan ne ni labarin ya kama ni. Tsawon tafiyar kowanne na nan a fiffikensa. Ɗan canji ba mai nisa ba ne sosai, da yawansu ba sa ma ƙetare hamada, suna cin sanyinsu a Sifen da Fotugal da Maroko da Aljeriya da bakin Bahar Rum, yanzu ma da sanyin Turai ya rage ƙarfi wasu a Ingila suke zamansu basu zuwa ko'ina. Waɗanda suka ƙetaro su ne muke gani, kuma galibi nan bakin Sahel suke tsayawa, inda akwai ruwa da itace, ba sa zurfafawa kudu. Mu ne ƙarshen zangonsu. Fitis kuwa kusan dukkansu sai sun ƙetare Sahara, kuma mu mashaya ce kawai a wurinsu, su huta su ci su ƙara gaba, wasu dazukan kudu da mu, wasu har Afirka ta Kudu. Yankin da suke haihuwa ya taso tun daga Ailan ya bi arewacin Turai kaf ya ratsa Rasha har ƙarshen gabashin Saberiya. A 2018 masu bincike na jami'ar Lund ta ƙasar Siwidin sun fitar da sakamakon wasu fitis da suka ɗaura wa ƴar na'ura a baya a can gabashin Saberiya, aka ga sun yi tafiyar wajen kilomita 13,000 har kudancin Tanzaniya da arewacin Mozambik, zuwa kawai ban da dawowa. Daga nan zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, duk wanda ya taɓa shiga mota ya yi ta ya san yadda ake sauka jiki duk ya mutu, to ka lissafa sau 14, a kan fiffike, tsuntsu mai giram 10. Subhanallah. Dogon fiffike mai tsini shi ke cin nisa ba tare da ƙona kitse da yawa ba, gajere mai zagaye kuma ya fi daɗin juyi cikin sarƙaƙiya da saurin tashi. Kowanne an ba shi daidai tafiyarsa.

Akwai wani abu kuma da fitis ke yi wanda da wuya ka samu a sauran ƙananan tsuntsayen Turai, yana sake gashinsa kaf sau biyu a shekara, har da na fiffike da wutsiya, sau ɗaya a can bayan ya gama renon ƴaƴa, sau ɗaya kuma a nan Afirka cikin rani. Ɗan canji sau ɗaya yake sake manyan gashin fiffike, a can, in ya zo nan sai dai ya ɗan taɓa na jiki. Shi ya sa in fitis ya biyo ta wurinmu zai koma arewa wajen Maris da Afrilu zaka ganshi tsaf kamar ya fito daga wajen tela, shi kuwa ɗan canji a ƙarshen zamansa bakin gashinsa ya fara cinyewa ya koɗe.

Har ma alƙiblar tafiyar a jini take. Ƴaƴan bana basu bin iyaye, da dare suke tashi kowa shi kaɗai. A Siwidin an gano fitis na kudancin ƙasar suna yin kudu maso yamma su biyo ta Sifen su sauka Afirka ta Yamma, na arewacin ƙasar kuma su yi kudu maso gabas su nufi gabashi da kudancin Afirka, kuma a tsakiyar ƙasar iri biyun ke haɗuwa. Tsuntsun da aka ƙyanƙyashe watan Yuni, watan Satumba yana saman hamada, babu jagora. Mutanenmu masu azalai da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri da dabino ba sa shiga Tenere sai da madugu wanda ya san hanya, shi wannan bai taɓa ganin rairayi ba a rayuwarsa. Kafin su shiga sukan ci su tara kitse, da dare su yi ta tafiya, da rana da yawansu su sauka su laɓe a inuwar dutse ko wani ɗan kurmi su jira faɗuwar rana. Waɗanda kitsensu ya ƙare a tsakiya shikenan.

Saboda haka kalanda ma na taimakawa, ko da yake ba hujja ba ce ita kaɗai. Fitis ke fara zuwa, Satumba zuwa Oktoba, lokacin ana cikin girbi, kuma ƴan bana a lokacin cikinsu ruwan ɗorawa ne shar, abin sha'awa, in ka ga irin wannan a Satumba da wuya ya zama ɗan canji. Daga nan sai su yi ƙaranci. Ɗan canji sai baya, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ya ci sanyi da mu, kuma shi ke riga tashi, wajen Fabrairu da Maris, don a Turai ma yana cikin na farkon da ke isa su fara kuka tun itatuwa basu yi ganye ba. A abinda na gani da idona ɗan canji na son kusa da ruwa, bakin tabki, garka mai rijiya, inda ƙananan ƙudaje ke tashi, sau biyu da na je Gidimuni cikin sanyi duk na same shi a itatuwan bakin ruwa.

Fuska kuma, fitis na da gira doguwa mai haske da ta fito sosai, kuncinsa fayau, sai ka ga fuskar a wanke. Ɗan canji girarsa gajera ce ta dushe, kunci ya yi duhu, shi ya sa ɗan farin da ke ƙarƙashin idonsa ke fitowa kamar jinjirin wata. Wannan sai da jumel mai kyau da haske mai kyau, ni nawa tsoho ne da wani yayana ya kawo mini daga tafiya, ido ɗaya ma ya ɗan yi hazo, amma yana yi.

Sai wutsiya. Ɗan canji baya iya zama bai kaɗa ta ƙasa ba, kusan duk motsi sai ya yi, kamar mai tasbihi. Fitis na yi jefi-jefi, musamman in ya sauka kan reshe, sau ɗaya ya bari. Daga nesa da wannan nake fara zato. Amma a nan ƙasarmu sai an yi hattara, don akwai wani da littafi ke kira hypolaïs pâle wanda shima haka yake kaɗa wutsiya ƙasa, kuma akwai irinsa da ke zaune a Sahel shekara duk, sai dai shi bakinsa dogo ne, goshinsa a kwance, kuma ba shi da ruwan ganye ko kaɗan, launin rairayi ne. Kuma a gawo ɗin nan dai wanda na fi gani ma cikin rani wani ɗan'uwansu ne na uku, pouillot de Bonelli, mai farin ciki fat kamar an wanke da omo, fuska ba gira sosai, gefen fiffike da ƙugu kore-kore mai haske. Shi ba shi da wuyar ganewa in ka saba. Mai wuyar shine na Sifen, pouillot ibérique, wanda da can ana lissafa shi cikin ɗan canji sai daga baya aka ware shi ya zama iri mai zaman kansa, yana haihuwa a Sifen da Fotugal yana cin rani a Afirka ta Yamma, kuma shi kamar an ɗebi rabi nan rabi can ne, ya fi ɗan canji haske da tsawon fiffike, ƙafa ruwan ƙasa, amma bai kai fitis ba. In na ga wanda ya tsaya mini a tsakiya haka, a kayena "pouillot" kawai nake rubutawa in sa kwanan wata da wuri in bar shi haka. Ina ganin wasu a Facebook da foto ɗaya mai duhu wanda ko fiffike ba a gani sun yanke hukunci har suna musu, wannan ba na goyon bayansa sam, rubutun da aka cika da zato ba shi da amfani ga wanda zai zo ya duba bayan shekara goma.

Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji, to a kan waɗannan biyun ji ne ke korar gani. Wani limamin coci a ƙauyen Selborne na kudancin Ingila, Gilbert White, yana cikin na farkon da suka gane cewa abinda mutane ke ɗauka tsuntsu ɗaya ne ashe iri uku ne, waɗannan biyun da wani ɗan'uwansu, kuma da kunne ya raba su, ya fitar da bayanin a 1789, lokacin babu jumel irin namu. Fitis dai Linnaeus, wani masani ɗan Siwidin, ya sa masa sunan kimiyya tun 1758, ɗan canji kuwa sai 1817 wani Bafaranshe mai suna Vieillot ya ba shi nasa, kusan shekara 60 tsakani, ka ga su ma masanan abin bai zo musu da sauƙi ba. Waƙar ɗan canji na riga na faɗa, ƙirgar tsaba ce, sauti biyu yana ta jujjuya su. Ta fitis kuwa wani abu ne daban, fito ne mai taushi da ke farawa sama siriri ya yi ta gangarowa yana ƙara kauri har ya narke a ƙarshe, daƙiƙa uku ko huɗu, kamar ruwan da aka tsiyayo a hankali daga buta. Ba yadda za a yi ka haɗa su in ka ji. Matsalar mu a nan ita ce ba lokacin neman aure suke zuwa mana ba, don haka yawanci shiru suke, sai ɗan kira kawai, shi ma akwai bambanci, na fitis gaɓa biyu ne, huu-it, yana jan na farko, na ɗan canji gaɓa ɗaya ce a taƙaice, hwit. Kunne na ɗaukar lokaci kafin ya saba. Amma sukan yi waƙar wani sa'in, ɗan canji da hantsi in rana ta ɗan yi ɗumi cikin Janairu ko Fabrairu, fitis kuma in ya biyo zai koma. Sau ɗaya na taɓa jin cikakkiyar waƙar fitis, wata safiya cikin Afrilu, zafi ya riga ya sauka, ina tsaye bakin rijiyar Kawu, tsigar jikina sai da ta tashi. Na ɗauka a waya amma ƙarar injin ban ruwan maƙwabci ta rufe rabi.

Can inda suke haihuwa ma sun ɗan bambanta, dukkansu sheƙa mai rufi suke yi da ƙofa a gefe kamar ɗan rumbu, su shimfiɗa gashi a ciki, fitis a ƙasa cikin ciyawa, ɗan canji ya ɗan ɗaga sama kaɗan cikin ƙaya ko sarƙaƙiya. Fitis na son ƙananan itatuwa da bakin daji, ɗan canji na son inda akwai manyan itatuwan da zai hau ƙoli ya yi waƙa. Na gaya wa Kawu maganar ɗan rumbun, ya yi dariya ya ce ashe manoma ne.

Yanzu maganar itace, wadda ita ce ta shafe mu kai tsaye. Na zauna ƙarƙashin dogon yaro awa da awanni a cikin gari, a farfajiyar lakwal ɗinmu ma su ne cike, inuwa ba laifi, kurciya na sauka, amma ƴan tsuntsayen nan da ƙyar kaga ɗaya, in ma ya sauka ba ya daɗewa. Itacen turare ma haka. Ka koma gawo ko bagaruwa ko kandili ko aduwa sai ka tarar da su. Masu bincike daga Holan da suka bi Sahel suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace abinda suka samu kenan, baƙin nan masu cin ƙwari a itatuwan ƙaya na gida suke taruwa, dogon yaro da turare kusan fanko. Dalilin a fili yake, ƙwari ba sa son ganyen dogon yaro, mu kanmu da shi muke korar su daga wake da kayan garka. Gawo kuwa Allah ya yi shi sabanin sauran, da damina ya zubar da ganye ya bar hatsi ya sha rana, da kaka ya tsiro sabo ya yi fure, daidai lokacin da baƙin suka fito daga hamada a rame, furen ya jawo ƙwari, su kuma su samu abin kaiwa baki. Tsofaffi na ba da labarin yadda Sarkin Damagaram Tanimu ya hana saran gawo da hukunci mai tsanani, kuma duk wanda ya bi hanyar Mirriya zuwa Magarya ko Matamaye yau zai ga gonaki cike da gawo da manoma suka bari suka tsiro da kansu suka rene su. Sun yi ne don taki da abincin dabbobi da itacen girki, ba don tsuntsu ba, amma tsuntsun Siwidin na cin moriyar. Abinda ke damuna shine sara na rashin tausayi, inda za a haye itace a sassare rassa duka a bar gungume tsaye cikin Nuwamba yana tsakiyar fure. A rage wa dabba, wannan dole ne, ba mai hanawa, amma a bar masa kai. Kuma duk lokacin da aka ce za a yi dashen itace a unguwa ko makaranta, ranar 3 ga Agusta ko wani lokacin, sai kaga dogon yaro ne kawai aka jero, ni dai ina roƙon a riƙa sa gawo da bagaruwa a ciki ko guda nawa ne.

Da zan taho ranar Lahadin Kawu ya cika mini buhu da salati, ya raka ni har bakin shinge, sai ya tsaya ya nuna gawon da haɓa ya ce, "To shi mai dogon zangon naka yaushe zai dawo?" Na ce in Allah ya kai mu ƙarshen Maris zuwa Afrilu, in zafi ya fara. Ya ce in na zo in zo da wuri tun kafin maƙwabci ya tada inji, yana son shima ya ji wannan kukan da kunnensa, kuma zai yi wa maƙwabcin magana ya jinkirta ban ruwan ranar ko da rabin awa ne.